Ƙuncin Hunturu: Raunin Imani Ne, Ko Ciwo Ne Mai Neman Magani?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci dare da rana, Ya sanya ɗayansu yana tsawo ɗayan yana gajarta bisa wani tsari da babu mai ikon karkatar da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, mas'alar da za a duba a wannan fili yau ba ta cikin waɗanda aka saba kai wa malamai a zaure, domin asalinta yana can wasu ƙasashe masu nisa, inda hasken rana kan yi ƙaranci watanni a jere. Amma ta riga ta shigo gidaje da yawa ta wayar tarho, tun da yake 'ya'yan Musulmi masu yawa daga Nijeriya da Nijar da Gana suna zaune a Ingila da Kanada da Jamus da Suwidin da Norwe, wasu don neman ilmi, wasu don aiki, wasu kuma mata ne da suka bi mazajensu. Mas'alar ita ce: mutumin da ƙunci kan rufe zuciyarsa duk sa'ad da sanyi da duhu suka shigo, har ya kasa tashi, ya kasa aiki, ibada ta yi masa nauyi, shin imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa jikinsa ne ya kamu da ciwo? In kuwa ciwo ne, shin zuwa wurin likita ya saɓa wa haƙuri da tawakkali?

A ƙaddara wani saurayi ne mai natsuwa, wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, ba a taɓa saninsa da kasala ba. Ya sauka wani birni na arewacin Ingila cikin watan Satumba, ya kama karatu da himma. Kafin Nuwamba ya ƙare sai ya ga barci ba ya isarsa ko da ya yi awa goma, gaɓoɓinsa sun yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, ba ya marmarin komai sai burodi da shinkafa da kayan zaƙi, ya karanta shafi ɗaya sau uku bai gane abin da ke ciki ba. Sallar Asuba, wadda a gida shi ke ta da ƙannensa dominta, ta fara kuɓuce masa. Da ya gaya wa na gida, mahaifinsa ya ce ya yawaita istigfari, zama cikin Turawa ne ya fara cin imaninsa. Mahaifiyarsa ta ce hannu aka sa masa, ta shiga bin malamai. Wani ɗan'uwa kuwa dariya ya yi, ya ce wanda Allah Ya kai Turai, wane baƙin ciki ya rage masa? Daga nan saurayin ya kama bakinsa, ya ƙara wa ciwonsa wani ciwo, watau zargin kansa da munafunci. Wannan shirun shi ne abin tsoro, domin a cikinsa karatu kan lalace, aure kan mutu, wani lokaci har a rasa rai.

RANAR DA BA TA FITOWA

Da wuya mutumin Kano ko Damagaram ya fahimci wannan al'amari, kuma ba laifinsa ba ne. Ƙasar Hausa tana kusa da tsakiyar duniya, sabo da haka bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da yini mafi gajarta a Kano bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Hunturun ƙasar Hausa yana zuwa da ɗari da hazo da ƙura, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, amma rana tana fitowa a kan lokacinta, tsofaffi su fito gindin katanga su sha hantsi.

A arewacin duniya abin ya sha bamban. Allah Ya sanya duniya tana zagaya rana a karkace, karkatar da ta kai kimanin digiri 23 da rabi, shi ya sa duk yadda ƙasa ta ƙara nisa daga tsakiyar duniya, haka yininta ke ƙara gajarta a lokacin sanyi. Ranar 21 ga Disamba yinin Landan bai cika awa 8 ba: rana ta fito bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, har sallolin Azahar da La'asar da Magariba duk su shigo cikin awa huɗu. A Stockholm, babban birnin Suwidin, yinin kimanin awa 6 ne. A Tromso, wani birni a arewacin Norwe inda akwai masallaci da jama'ar Musulmi, rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Ma'aikacin da ke yini cikin gini a irin waɗannan wurare yakan fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, ya yi mako guda bai sa rana a idonsa ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin irin waɗannan ƙasashe. A shekara ta 922 Ahmad Ibn Fadlan ya isa ƙasar Bulgar da ke gaɓar kogin Volga cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya kuma ba da labarin gajartar darensu a lokacin zafi. Bayansa malaman fiƙihu sun yi ta muhawara a kan hukuncin sallar Isha'i a inda lokacinta ba ya bayyana, kuma har yau majalisun fatawa suna ba mazauna can hanyoyin ƙaddara lokutan salla da azumi. To, in malamai sun yarda cewa halin rana a can ya isa ya sauya lissafin lokutan salla, ai babu mamaki in ya taɓa jikin shi mai sallar.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

A shekara ta 1984 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Norman Rosenthal, tare da abokan aikinsa a cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, suka wallafa bayanin majinyata 29 waɗanda ciwon damuwa ke kama su da shigowar sanyi, ya sake su da dawowar bazara, shekara bayan shekara. Suka sa masa suna ciwon damuwa mai bin yanayin shekara. Shi kansa Rosenthal baƙo ne a ƙasar sanyi. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu aka haife shi, ya koma Amurka a 1976, kuma a jikinsa ya fara jin wannan nauyi kafin ya bincike shi a jikin wasu. Alamominsa su ne waɗanda aka lissafa a kan saurayin nan: yawan barci ba tare da hutawa ba, mutuwar jiki, kwaɗayin abinci mai sitaci da zaƙi, ƙarin ƙiba, gudun mutane, da rasa ɗanɗanon abin da a da ake jin daɗinsa. Likita yakan tabbatar da shi in ya ga ya zo ya tafi a lokaci guda shekara biyu a jere.

Dalilinsa yana cikin halittar ɗan Adam. Allah Ya sanya wani agogo a cikin ƙwaƙwalwa, wanda ke tsara lokacin barci da farkawa da jin yunwa da kuzari, kuma hasken da ke shiga ta ido, musamman na safe, shi ke daidaita wannan agogo kowace rana. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da jiki dare ya yi. Tun 1980 Alfred Lewy da abokan bincikensa suka nuna cewa haske mai ƙarfi yana dakatar da fitar wannan sinadari a jikin mutum. Idan dare ya yi tsawo, hasken safe kuma ya makara, agogon wasu mutane yakan kauce wa agogon bango, sai su wayi gari jikinsu yana cikin dare. Akwai kuma wani sinadarin, serotonin, mai alaƙa da walwalar zuciya, wanda shi ma aikinsa kan sauya da ƙarancin haske.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ya samu wannan ciwo a jikin kashi 1.4 cikin 100 na waɗanda aka tambaya a jihar Florida mai yawan rana, amma a jihar New Hampshire da ke can arewa ya kai kashi 9.7. Ya fi kama mata fiye da maza, kuma ya fi farawa a shekarun ƙuruciya. A nan mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Babu wanda zai ce mutanen Florida sun fi na New Hampshire tsoron Allah ninki bakwai. Abin da ke zuwa da watan Nuwamba ya tafi da watan Afrilu, yana kama mai salla da marar salla, yana ƙaruwa gwargwadon nisan gari daga tsakiyar duniya, yana kuma sauƙi in an haska wa mutum fitila, wannan ya fi kama da zazzaɓin damina fiye da zunubi.

MAGABATA SUN RIGA SUN FAƊA

Kada wani ya zaci wannan magana ce ta Turawa da aka ɗora wa Musulmi. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, almajirin masanin falsafa Al-Kindi, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, watau abin da ke gyara jikuna da rayuka. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu. Na farko shi ne wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya, kuma maganinsa nasiha ne da gyaran tunani. Na biyu shi ne wanda ke faɗo wa mutum ba tare da wani dalili da ya sani ba, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai. Wannan na biyun Al-Balkhi ya danganta shi da jiki, ya ce ana bi da shi da maganin jiki, a haɗa da zama da mutanen kirki da hira mai faranta rai. Shekara fiye da dubu ke nan da malamin Musulmi ya bambance abin da har yanzu wasu ke cakuɗawa.

Haka kuma Ishaƙ Ibn Imran, likitan birnin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya, ya rubuta risala sukutum a kan ciwon baƙin ciki mai tsanani. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu ciwon ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka sun san Alƙur'ani da Hadisi, kuma ba su ga wani karo tsakanin addu'a da magani ba.

AMSA GA MASU ZARGI

Mai zargi yakan ce: ai Alƙur'ani ya bayyana cewa ambaton Allah shi ke kwantar da zukata, ya kuma hana muminai baƙin ciki a wurare da yawa, sabo da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi ya gaza. Ayoyin gaskiya ne, amma fahimtar ta karkace. Annabi Ya'aƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu shekaru masu yawa har ganinsa ya tafi, kuma Alƙur'ani ya ba da labarinsa a matsayin mai kyakkyawan haƙuri. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi sun sa mata suna Shekarar Baƙin Ciki. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu, idanun Manzo sun zubar da hawaye, ya kuma faɗi cewa zuciyarsa tana baƙin ciki. Hanin da ya zo a ayoyin nan lallashi ne da ƙarfafa gwiwa, irin wanda uwa ke yi wa ɗanta in ta ce ya daina kuka. Ba a saukar da shi don a yi wa mai kuka bulala da shi ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa abubuwan da in suka sami Musulmi Allah ke kankare masa zunubai da su. A cikin jerin akwai gajiya da ciwo da suka ta ƙaya, kuma a jeri guda ya sanya damuwa da baƙin ciki. Abin da ke wanke zunubi ba zai zama shi kansa zunubi ba. Abin da shari'a ta haramta shi ne yanke ƙauna daga rahamar Allah da fushi da hukuncinsa, kuma waɗannan matsayi ne da mutum ke ɗauka da zaɓinsa. Nauyin da ke sauka a ƙirji ba da izinin mai ƙirjin ba, ba ya cikin abin da ake yi wa bawa hisabi a kansa, domin ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar da cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sau da yawa mai wannan ciwo yakan ji kamar addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki. Wannan jin yana daga alamomin ciwon, kamar yadda mai zazzaɓi ke jin zuma da ɗaci, alhali zumar ba ta sauya ba.

Wani kuma yakan ce: ai magabata suna murna da lokacin sanyi, suna ganinsa ganimar masu ibada, domin yininsa gajere ne ga mai azumi, darensa dogo ne ga mai tsayuwa. Haka ne, kuma Ibn Rajab ya tattara irin waɗannan maganganu a littafinsa Laɗa'iful Ma'arif. Wanda Allah Ya ba lafiya a ƙasar sanyi, lalle ya ci wannan ganima. Sai dai sanyin Madina da Bagadaza da Dimashƙu, inda waɗannan bayin Allah suka zauna, yana tare da yini na awa goma ko kusa da haka. Sa'an nan falalar abu ba ta zama hujja a kan wanda ciwo ya hana shi. Azumin Ramadan farilla ne, amma an ɗauke wa majinyaci har ya warke. Buhari ya ruwaito cewa bawa in ya yi ciwo ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiyayye a gida. Saurayin nan da nafilarsa ta ragu, majinyaci ne kuma matafiyi.

Saura batun tawakkali. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumid Din ya raba hanyoyin kawar da cuta gida uku: waɗanda amfaninsu tabbas ne, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, kamar magungunan likitoci, da waɗanda amfaninsu hasashe ne kawai. Ya ce barin na farko haramun ne in ana tsoron halaka, kuma riƙo da na biyu ba ya rushe tawakkali. A lokacin annobar Amwas, Halifa Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Haka nan duhun Disamba ƙaddara ne, fitilar likita ma ƙaddara ce. Har ila yau Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dafa talbina, wani kunu na sha'ir, a ba majinyaci da wanda aka yi wa rasuwa, bisa koyarwar Manzo cewa yana sanyaya zuciya ya rage baƙin ciki. Ashe tun a gidan Annabi an san ana taimakon zuciya ta hanyar jiki.

YADDA AKE ZAMA DA SHI

Haƙurin da shari'a ta yaba ya haɗa da tashi a nemi mafita. Abu na farko shi ne haske. Ana auna ƙarfin haske da wani ma'auni mai suna luks. Hasken ɗaki da wuya ya wuce luks 500, amma hasken waje, ko da gajimare ya rufe sama, yakan wuce 1,000. Sabo da haka fita da ƙafa na rabin awa da hantsi ko tsakar rana magani ne da ba a biyan ko kwabo. Wanda masallaci ke kusa da shi, tafiya sallar Azahar da ƙafa ta haɗa masa lada da haske da motsa jiki da ganin 'yan'uwa a fita guda. Likitoci kuma suna ba da shawarar wata fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000, wadda ake zama gabanta minti 20 zuwa 30 da safe, ido a buɗe amma ba a ƙura mata ido ba. Mutane da yawa sukan ji sauƙi cikin mako ɗaya ko biyu. Babu abin da zai hana mutum ya yi wannan zama bayan sallar Asuba da Alƙur'aninsa a hannu. Sai dai mai ciwon ido, da mai ciwon da ke jefa mutum tsakanin matsanancin ƙunci da matsanancin zumuɗi, kada su fara sai da izinin likita.

Abu na biyu shi ne tsare lokaci. Kwanciya da tashi a sa'a guda kowace rana yana taimakon agogon jiki, kuma Musulmi yana da salloli biyar da suka riga suka kafa masa turaku a yininsa. In barci ya rinjaye shi Asuba ta wuce, ya yi ta da zarar ya farka kamar yadda sunna ta koyar, ya nemi wanda zai riƙa ta da shi, kada ya bar Shaiɗan ya raɗa masa cewa tun da ɗaya ta kuɓuce sauran ma ba su da amfani. Ciwo uzuri ne gwargwadon ƙarfinsa, kuma farilla tana nan a kan mai hankali gwargwadon ikonsa.

Abu na uku shi ne likita. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wanda ke koya wa mutum gane munanan tunane-tunanen da ke zuwa da duhu da yadda zai tsara ayyukan da za su fitar da shi daga ɗaki. Binciken da aka yi a Jami'ar Vermont, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa waɗanda suka bi wannan hanya, ciwon bai dawo musu da yawa ba bayan hunturu biyu kamar waɗanda suka tsaya ga fitila kaɗai. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa in abin ya yi tsanani. Hukumomin lafiya na Ingila suna shawartar jama'a su sha bitamin D, maikirogiram 10 a kullum, a watannin sanyi, masu baƙar fata da masu rufe yawancin jikinsu kuwa duk shekara, don lafiyar ƙashi da tsoka. Gaya wa likita abin da ke damun mutum ba kai ƙarar Allah ba ne, domin Manzon Allah da kansa ya gaya wa Nana A'isha ciwon kansa. Wanda kuwa ya ji tunanin halaka kansa yana zo masa, wajibi ne ya faɗa wa wani a ranar, ya je asibiti ba tare da jinkiri ba, domin tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Addu'o'in neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da suka tabbata daga Manzo, a riƙe su safe da yamma tare da duk waɗannan.

HAKKIN DA KE KAN JAMA'A

Mai wannan ciwo gudun mutane yake yi, sabo da haka ba a jira sai ya zo. Gaishe da majinyaci hakki ne na Musulmi a kan Musulmi, kuma hadisin bai ware ciwon da ake gani daga wanda ba a gani ba. In an rasa wani a sahu Juma'a biyu cikin Disamba, ƙwanƙwasa ƙofarsa da kwanon abinci ya fi yi da shi a bayan ido. Limaman masallatan can suna da damar faɗin wannan magana a kan mumbari tun watan Oktoba, kafin duhu ya kankama, domin kalma ɗaya daga liman tana iya cire kunyar da ta hana mutum goma zuwa asibiti.

Magidanta su ji tsoron Allah game da matansu. Matar da ta taso a gida mai tsakar gida, inda rana ke sauka har bakin murhu, ga maƙwabta ga 'yan'uwa suna shiga da fita, in aka kai ta wani ɗaki a bene na shida aka rufe, miji ya fita tun duhu ya dawo da duhu, an raba ta da haske da mutane a lokaci guda. In ta yi sanyi, ta daina walwala, girki ya gagare ta, kada a yi saurin kiran abin raini ko lalaci. Fita da ita cikin hasken rana da suturarta, da haɗa ta da 'yan'uwa mata, da kai ta wurin likita, duk suna cikin kyakkyawan zaman da Allah Ya umarci maza da shi.

Iyaye na gida kuma, in ɗa ya bugo waya muryarsa a dushe, su saurare shi kafin su yi masa wa'azi. Su tambaye shi yaushe rabonsa da ganin rana, da wa yake cin abinci, ya je asibiti ko bai je ba. Su yi masa addu'a, domin addu'ar iyaye ba ta da shamaki, amma su yi hattara da masu karɓar kuɗi da sunan karya sammun da babu shi.

Malaman tafsiri sun ambata cewa Suratud Duha ta sauka ne bayan wahayi ya ɗan yanke, abin ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) nauyi, maƙiya suna cewa Ubangijinsa Ya rabu da shi. A farkon surar Allah Ya rantse da hantsi, Ya kuma rantse da dare, sa'an nan Ya tabbatar wa Manzonsa cewa bai bar shi ba. Wanda ke cikin dogon dare a wata ƙasa mai nisa ya riƙa karanta wannan sura, ya kuma san cewa daga 22 ga Disamba yini yake fara ƙaruwa, ko da ido bai gane ba sai bayan makonni.

Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya ba majinyata lafiya, Ya tsare baƙi a inda suke baƙunci, Ya sanya tausayi a zukatan masu lafiya. Allah Shi ne Mafi sani.